Barkar 'Yan Albasa

Injin yana ƙarƙashin teburin yankan yadi a shagon Kawu Gwadabe. Tsohuwar kwamfuta ce da na samo wurin wani mai gyara a unguwar Mokola. A cikinta shafina na intanet yake zaune. Ba haya nake a wurin kowa ba, ni na girka shi da hannuna shekarar da na gama sakandare na rasa abin yi. Sunansa Labarin Sabo, wato unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Yarabawa. Haihuwa, aure, rasuwa, wanda akuyarsa ta ɓace. Ni in sa labari, mutane su rubuta nasu a ƙasa. A waya saƙo yakan nutse cikin saƙonni. A shafina sunan mutum yakan zauna, kowa ya gani. Shi ya sa ake shiga.

Kawu tela ne, babbar riga da aikin wuya. Shi ya riƙe mu, ni da Yaya Rahmatu, tun rasuwar mahaifinmu. Yana da sola a shago, dalilin da injin ke wurinsa ke nan. Bai taɓa son abin ba. Haƙuri kawai yake yi.

Ranar Juma'a Yaya Rahmatu ta haihu. Namiji. Haihuwar fari, bayan an daɗe ana jira. Ni ba mai magana ba ne, amma ranar sai da na tsinci kaina ina yi wa ɗan okadan da ban sani ba albishir. Na ɗauki hoton ƙafar jaririn, don Yaya ta ce ban da fuska sai bayan suna. Na sa a shafi, na rubuta cewa suna sai Juma'a mai zuwa, a ƙofar gidan Kawu.

Washegari ina shiga shago Kawu ya kira ni.

"Nata'ala."

"Na'am, Kawu."

"Zo ka karanta mini wannan."

Ya miƙo waya. Shafina ne. Ƙarƙashin hoton, tallan caca ne jere, sai tallan maganin maza, sai wani abin da ya fi wannan muni. Na karanta a zuci.

"Da ƙarfi."

"Kawu, ba ya karantuwa da ƙarfi."

"To, Malam Rabe ya karanta. Ya zo karɓar rigarsa, ya ce bari ya yi mini barka a shafin ɗana. Nan ya tsaya. Ƙarƙashin ƙafar jikana, Nata'ala."

"Ba mutane ba ne ke rubutawa. Injuna ne, suna yawo suna zubawa a duk shafin da suka samu a buɗe."

"Naka ma ai inji ne."

Na miƙa masa wayarsa.

"Daga yau zuwa suna," in ji shi, "in abin nan ya sake jawo mini kunya, kowace iri ce, zan zare shi in ba 'yan gwangwan."

Ya koma kan keken ɗinkinsa. Na durƙusa ƙarƙashin tebur ina sharewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai ƙasa wasu sun shigo ta sama.

A haka Khairunnisa ta same ni. 'Yar Kawu ce, taubashiyata, tana karatu a poli. Bakinta ba ya hutawa.

"Injiniyan ƙarƙashin tebur! An ce ka fara sayar da magani. Nawa ne kwalba?"

"Matsa."

"Pele o, sannu. Da hannu kake sharewa? Kai, ƙauye ba sai a ƙauye ba. Sifam ake ce wa wannan."

"Ni shara nake ce masa."

"To sharar tana da rariya. Oya, ba ni wuri."

Ta ja kujera. Ta nuna mini wani kamfani da aikinsa ke nan. Kana rajista, su ba ka mabuɗi, wasu haruffa ne dogaye a cakuɗe. Ka liƙa mabuɗin a shafinka. Daga nan duk saƙon da aka rubuto sai ya fara biyawa ta wurinsu, su duba, su ce wannan mutum ne, wannan shara ce. Duka cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin shafi irin nawa kyauta ne.

Abin ya shiga raina. Ban nuna ba.

Na yi rajista. Mabuɗin ya iso. Na liƙa, ya ƙi. Ashe na bar harafin ƙarshe. Na sake. Wata 'yar fitila ta koma kore a kan allon.

"Ya kama," na ce.

"Ka yi murmushi mana, ba a biya."

A ƙasa akwai wasu 'yan akwatuna, ƙarin dokoki ga mai so. Na karanta su a hankali. Na farko ya ce in an turo kalmomi iri ɗaya sak fiye da sau ɗaya, a ɗauka shara ce. Na tuna tallan caca, duk bakinsu ɗaya. Na danna. Na biyu ya ce in saƙonni sun yi ta fitowa daga waya guda, wani na bin wani, a ɗauka shara ce. Haka ma suke yi. Na danna. Na uku tambaya ce: abin da aka kama, a ajiye maka a gefe ka duba, ko a zubar? Na waiwayi Kawu. Yakan leƙa allon nan in ya zo ɗaukar almakashi. In ya ga tulin ƙazantar nan a ajiye, ko a gefe ne, an gama. Na ce a zubar.

Abin da ya fi burge ni shi ne na ƙarshe. Mai zuba shara ba zai san an zubar da tasa ba. Shafin zai ce masa an karɓa, an gode. Ya tafi yana murna.

"Wannan mugunta ce," in ji Khairunnisa. "Ina so. Bari in gwada."

Ta ɗauki wayarta ta rubuta tallan caca na ƙarya, ta tura, ta sake turawa, ta kuma turawa. An karɓa, an gode. Muka buɗe shafi. Wayam. Sai hoton ƙafa da gaisuwar mutane. A kusurwar allo wata lamba ta motsa, tana ƙidayar abin da rariya ta kama.

Na yi dariya. Har Kawu ya ɗago kai, don ya daɗe bai ji ba.

Kwanakin nan ban taɓa jin daɗi irin nasu ba. Ina cin abinci ina kallon lambar nan. Ina tafiya masallaci ina leƙawa. Hawa take yi kawai. Duk hawa ɗaya, ina jin kamar na maƙure wani ɓarawo a bakin ƙofa. Shafi fes. Barka tana shigowa daga ƙawayen Yaya da abokaina, yaran Sabo, kowa da irin bakinsa. Wannan ta sa Hausa da Turanci, waccan ta rubuta barkar Yarabawa, e ku ewu omo, wani ya jera hotunan zuciya ya ce Allah ya raya mana sojan gida. Har na fara tunanin in riƙa girka wa mutane rariya a matsayin sana'a. Na zaɓi sunan shago ma a raina.

Ranar Talata na kai wa Yaya Rahmatu tsire. Tana zaune da kofin kunun kanwa, jariri a cinya, waya a hannu.

"Autan Mama, shafinka ya yi kyau. Tun safe nake karantawa."

"Uhm."

"Amma ban ga dangin mijina ba. Ko mutum ɗaya."

"Ba sa shiga irin wannan."

"Suna shiga. Lokacin bikinmu sun cika shi."

Na ɗaga kafaɗa. Raina yana kan lamba.

Mijinta Manniru ɗan Aliero ne. Albasa yake sayarwa a Kasuwar Bodija, ƙarƙashin yayansa Alhaji Ɗahiru. Mu haifaffun Sabo ne, su zuwa suka yi. Ba a taɓa faɗa ba, amma kowa ya san akwai ɗan wannan abin a tsakani. Suna ganin muna musu kallon 'yan ƙauye. Muna ganin suna mana kallon Hausawan da suka zama Yarabawa.

Laraba da hantsi Manniru ya shigo shago. Ya gaida Kawu ya daɗe a durƙushe.

"Lafiya, angon ƙarni?"

"Baba, da sauƙi dai. Yaya Alhaji ne. Ya ce ba za su zo suna ba. Ya ce za su yanka ragon a Bodija, su raɗa wa yaro suna a can tsakaninsu."

Kawu ya tsayar da keke.

"Me aka yi masa?"

Manniru ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

"Barka suka yi a shafin Nata'ala. Su duka, har da mutanen gida na Aliero, har da Inna. Shafin ya ce an karɓa. Da suka duba babu ko ɗaya. Na dangin uwa kuwa duk suna nan. Yaya ya ce tsince nasu aka yi aka share."

"Ban share na kowa ba," na ce.

Kawu bai kalle ni ba. Ya kalli ƙarƙashin tebur.

"Na ce kowace iri."

"Kawu, ba a yi sunan ba tukuna."

Kawu ya nuna Manniru da baki.

"Tashi ka bi shi. In Alhaji Ɗahiru bai taka ƙofar gidana ranar Juma'a ba, ka san sauran."

Muka hau keke mai ƙafa uku, ni da Manniru. Hanya duk ina lissafi. Na ce a raina ba su iya turawa ba ne. Ko data ta yanke musu. Rariyata ba ta kuskure. Na gwada ta.

Bodija tun daga bakin ƙofa albasa ke gaishe ka a ido. Buhuna a jibge har sama, mota na saukewa, 'yan dako na gudu da kaya a ka suna a ba hanya. Rumfar Alhaji Ɗahiru tana can ciki. Yana zaune a kan benci, dogo, da tabarau a ƙarshen hanci, da ƙatuwar waya mai tsagaggen gilashi. Mutanensa kewaye da shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce.

"Ɗan Sabo. Ka shigo da takalminka mai kyau? Ka yi hankali, nan warin albasa muke. Kada mu ɓata maka kamar yadda muka so ɓata maka shafi."

"Alhaji, wallahi ban share ba."

"To aljanu ne."

Wani ya yi dariya.

"Ina so in ga yadda kuka tura."

"Au, ba mu iya ba ke nan. To zo ka koya mana." Ya ɗaga murya. "Malam Faruku! Zo ka sake yi wa Manniru barka, ga malamin makaranta ya zo duba mu."

Wani dattijo mai furfura ya taso daga kan buhu yana kaɗe riga. Dillali ne, in ji Manniru. Ya tsaya gaban Alhaji kamar mai ba da shaida.

"Faruku Mai Goro, Jega."

Alhaji ya buɗe shafina, ya rubuta sunan da yatsa ɗaya. Ya gangara wurin saƙo. Bai rubuta komai ba. Ya danna ya riƙe, ya liƙa. Kalmomi suka fito a shirye:

Barka da arziki. Allah ya raya, Allah ya dayyaba, Allah ya ba uwa lafiyar shayarwa.

Ya karanta wa dattijon da ƙarfi. Dattijon ya ce amin. Ya tura. An karɓa, an gode.

"Haka kuka yi wa kowa?" na tambaya.

"To da yaya? Rabinmu ba su da irin wayar nan, masu ita kuma ba kowa ke rubutu ba. Bayan la'asar kowa ya zo ya faɗi sunansa, in sa masa. Matan gida su aiko da murya daga Aliero, in saurara, in sa sunan kowace. Addu'ar sau ɗaya na rubuta, na kai wa limaminmu ya duba, babu gyara."

Ya sake buɗe shafin ya juyo mini da shi. Babu Malam Faruku.

Na ciro tawa wayar. Lambar da ke kusurwa ta ƙaru da ɗaya.

Kalmomi iri ɗaya. Waya guda. Wani na bin wani. Lambar da na yi kwanaki ina kallo ina jin daɗi, da su take hawa. Abin haushi, can ƙasan raina wani abu yana tsalle, don rariyar ta yi aiki daidai yadda na umarce ta, ko gashi ba ta kauce ba.

"Alhaji, na gane. Ba mutum ba ne. Na sa wa shafin rariya ne don 'yan talla. Ita ce ta ɗauka ku ma 'yan talla ne."

Da na sani da ban faɗa haka ba. Rumfa ta ɗauka.

"Mu ne 'yan tallan?"

"Addu'ar ce talla?"

"Inna ce 'yar talla? Manniru, ka ji surukinka!"

Na jira suka lafa. Na yi bayani a gajarce, tallan caca, Malam Rabe, abin da Kawu ya ce. Wasu suka fara gyaɗa kai. Ganin haka sai na ƙara da abin da nake ganin mafita ce.

"Abu ne mai sauƙi. Kowa ya ɗan sauya kalmominsa. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. A kuma rarraba, a yi amfani da wayoyi daban-daban."

Alhaji ya cire tabarau.

"Yaro, ka taɓa zuwa gidan haihuwa?"

"Na taɓa."

"Ka taɓa ji an tare mutum a zaure an ce ya sake kalma don wani ya riga shi faɗa? Da wannan aka yi wa ubana barka ranar da aka haife ni. Da ita na yi wa kowa a kasuwar nan. Addu'a ce, ba waƙa ba. Mu ne za mu sauya baki don injinka?"

Gaskiya ya faɗa.

"A'a, Alhaji. Injin ne zai sauya."

"To ina namu na baya? Fito da su."

"Sun tafi."

"Ina?"

"Ban sa a ajiye ba. Zubarwa na ce a yi."

Manniru ya dafe kai.

Na nemi buhu na zauna. Daga wayata ina iya shiga injin, in dai yana kunne. Na shiga. Na cire dokar kalmomi iri ɗaya. Na cire ta waya guda. Na mayar da zubarwa zuwa ajiyewa a gefe. Sannan na buɗe wa Alhaji ƙofarsa shi kaɗai, da sunansa da kalmar sirri, yadda duk abin da ya fito daga hannunsa rariya ba za ta ko kalla ba. Ban taɓa gyara injina daga wata unguwa ba. Ina Bodija a kan buhun albasa, ina juya abin da ke Sabo ƙarƙashin tebur.

Na danna a adana. Allon ya tsaya. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Sai shafin ya ɗauke gaba ɗaya.

"Yanzu kuma duka ya share," in ji wani a bayana. "Adalci ke nan."

Na kira Khairunnisa.

"Kina shago?"

"Ina nan. Injiniya, ka kashe shi ne da kanka don kada Baba ya riga ka?"

"Ya sandare. Ki kashe ki kunna. Maɓallin gaba, ki danna ki riƙe."

"Baba yana zaune a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Tun da ka fita bai motsa ba."

"Khairunnisa, don Allah."

"Ka ce Anti."

Mutanen rumfa duk suna ji. Na rufe ido.

"Anti."

"Yawwa, ɗan albarka."

Na ji tafiyarta. Na ji ta ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafa." Na ji Kawu ya ce, "In kin kashe ki bar shi a kashe." Ta ce, "To, Baba." Sai ƙarar fanka ta mutu. Can sai ga ƙaramin kukan nan da injin ke yi in ya tashi.

"Hannuna ne ya zame, Baba," na ji ta ce, ta katse.

Shafi ya dawo, gyaran da na yi ya zauna. Na karɓi wayar Alhaji, na shigar da shi ta sabuwar ƙofarsa, na miƙa masa.

"Malam Faruku, a yi haƙuri, sau ɗaya kuma."

Dattijon ya sake tsayawa. "Faruku Mai Goro, Jega. Wannan jaririn zai sha addu'ata."

Alhaji ya rubuta, ya liƙa, ya tura. Ya buɗe shafin. Kawuna suka haɗu a kan wayar.

Ga shi nan. Faruku Mai Goro, Jega. Barka da arziki.

"Ya fito!"

"Ina? Nuna mini! Wallahi ga ni nan!"

Malam Faruku ya riƙe hannun Alhaji yana kallon sunansa kamar an buga shi a jarida. Wani ɗan dako ya ajiye buhu ya yi kabbara. Ni ma na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Alhaji bai yi murmushi ba. Ya miƙo mini wayar.

"Ni na rubuta sau ɗaya, da yatsan nan. Ba zan sake ba. Wanda ya zubar shi zai kwashe."

"To, Alhaji."

"Kuma ba za su zo maka layi ba. Kai za ka bi su. Rumfa rumfa. Ka gaida kowa, ka ba shi haƙuri, ka karɓi sunansa."

Ni da nakan tsallaka titi don kada in gaisa. Na karɓi wayar.

Manniru ya shige gaba yana nuna mini mutane. Na durƙusa a gaban masu albasa, na durƙusa a gaban masu doya da aka yi barkar farko da su. Ina wuni, ina gajiya, ina kasuwa, a yi haƙuri, inji ne. Wani ya sa na maimaita haƙurin don bai ji ba. Wani ya ce sai na ci ɗanyar albasa tukuna, aka yi ta dariya, na ci. Duk wanda na sa, sai na karanta masa addu'ar ya ce amin, in nuna masa sunansa ya fito. Kafin la'asar labari ya zaga. Waɗanda ba su yi da farko ba ma suka fara tare ni. Wata Bayarabiya mai tarugu ta ja rigata ta ce ita fa Manniru ɗanta ne a kasuwar nan, a sa ta. Na tambaye ta me za a rubuta. Ta ce abin da kowa ya ce.

Wasu ba su samu ba. Akwai direbobin da suka yi barka suka juya arewa da mota. Manniru ya kira waɗanda yake da lambarsu, suka faɗa ta waya cikin ƙarar hanya. Sauran sun tafi ke nan.

Da muka dawo rumfa Alhaji ya buɗe muryoyin matan Aliero, yana kunna mini ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta faɗi sunanta, ta yi addu'ar, wata ta rangaɗa guɗa har wayar na rawa. Ta ƙarshe muryar tsohuwa ce, a hankali, akuya na kuka a bayanta. Manniru ya juya baya yana gyara bakin buhun da ba ya bukatar gyara. Inna ce, mahaifiyarsu. Na rubuta sunanta, na duba sau biyu, na tura.

Kafin in miƙa wayar na leƙa gefen da rariya ke ajiye abin da ta kama. 'Yan caca na ciki, da masu magani. Ba tare da dokokina ba ma tana gane su. Ko ɗaya bai tsallaka ba.

"Alhaji," na ce, "Juma'a fa?"

"Juma'a tana hannun Allah."

Ya mayar da tabarau ya shiga ciniki.

Juma'a bayan asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Goro da dabino a faranti. Mutanen unguwa sun zauna, liman ya zo. Kawu yana gaisawa da kowa amma idonsa na bakin layi. Ni ina tsaye jikin bango. Gari ya fara haske. Liman ya duba agogo, ya dubi Kawu. Manniru ya fita bakin titi ya dawo, ya sake fita.

Sai ƙarar keke. Ɗaya, da wani a bayansa, da wani. A na gaba rago ne zaune a kujerar baya, an riƙe masa ƙaho. Alhaji Ɗahiru ya sauko da babbar riga fara. Malam Faruku na biye, da sauran 'yan rumfa, har da buhun albasa da aka ɗauko wa mai jego. Tabarmi ta kasa, aka shiga maƙwabta aro.

Kawu ya tare su da hannu biyu. Suka daɗe suna gaisawa. Alhaji ya ciro waya ya nuna masa wani abu, yana ja da yatsa, yana ja, abin bai ƙare ba. Kawu yana gyaɗa kai. Bai waiwayo ni ba.

Aka raɗa suna, Muhammadu Jamilu. Aka shafa fatiha. Daga cikin gida guɗa ta tashi.

Asabar da safe na je shago. Na tarar da Kawu a durƙushe ƙarƙashin teburin yanka. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Ka tsaya kallona? Zo ka riƙe nan."

Tef ɗin awo ne a hannunsa. Na riƙe bakin. Ya auna injin a tsaye, ya auna a kwance, ya rubuta da alli a jikin tebur.

"Me za a yi, Kawu?"

"Abu zai zauna a shagon tela tsirara? Baƙi na shigowa."

Ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya jawo kwandon ƙyallaye, ya tona, ya fito da ragowar shadda ruwan toka. Ya shimfiɗa ta a tebur ya ɗauki almakashi.

"A bar masa wurin shan iska ta baya," na ce. "Yana zafi."

"Kai za ka koya mini ɗinki?"

Ya fara yanka.